DAGA ƊAWAFIN BANKWANA ZUWA SHINGEN JIBIYA: A INA HAJJINMU YAKE ZUBEWA?

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, kowace shekara malamanmu suna tsayawa tsayin daka wajen yi wa maniyyata bita. Ana koya musu ɗaura harami, da talbiyya, da tsayuwar Arfa, da jifan Shaiɗan, kuma Allah ya saka wa malaman da alheri. Amma akwai babi guda da bitar ba ta cika kai wa gare shi ba, shi ne babin komowa gida. A fahimtarmu, yawancin ladan da alhaji ya tara a kwanakin Mina da Arfa, a kan wannan hanya yake zubar da shi, tun daga ƙofar masaukinsa a Makka har zuwa shingen ƙarshe a kan iyakar Jibiya.

Bari mu fara da fayyace hanyar kanta. Daga tsakiyar Makka zuwa filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, wanda aka buɗe a 1981, tafiyar kusan kilomita 100 ce. Ko da yake tun 2018 akwai jirgin ƙasa mai sauri da ya haɗa Makka da Jidda da Madina, galibin alhazanmu a manyan motocin safa ake kwasar su. Daga Jidda jirgi yakan yi kimanin awa 5 a sama kafin ya sauka a Katsina ko Kano. Daga nan mutumin Jibiya ya kama hanyar garinsu, wadda ba ta kai kilomita 50 daga Katsina ba. Ɗan'uwansa na Maraɗi kuwa, musamman mai Umra da ɗan jirgin yawo, sau da yawa ta Kano yake sauka, domin Kano ba ta kai masa kilomita 300 ba, alhali Yamai ta haura 600. Sai ya bi ta Magama, ya ƙetara zuwa Ɗan Isa, ya isa gida. Wannan tafiya tana da zango 3, kuma kowane zango da irin jarrabawarsa.

ZANGO NA FARKO: FITA DAGA MAKKA

Ya tabbata a Buhari da Muslim, daga Abdullahi ɗan Abbas (RA), cewa an umarci mutane su sanya ɗawafi ya zama aikinsu na ƙarshe a Makka, sai dai an ɗauke wa mace mai haila. Malikiyya suna ganin wannan ɗawafi mustahabbi ne, sauran mazhabobi 3 kuwa wajibi suke ɗaukar sa. Amma ko a wurin Malikiyya, wanda ya yi bankwana sannan ya sake zama a Makka wani yanki mai tsawo na yini, to bankwanarsa ta warware, sai ya sake. To me ake gani a yau? Wani zai yi ɗawafin bankwana ranar Litinin, sannan ya kwashe Talata da Laraba yana cinikin darduma da agogo. Wani kuma kasuwa za ta riƙe shi har motar Jidda ta iso, ya fita bai yi ɗawafin ba sam. Ashe ba Ɗakin Allah muka yi wa bankwana ba, kanti muka yi wa.

Sai kuma rigimar shiga mota. Mutumin da Suratul Baƙara ta hana shi jayayya a cikin Hajji, ga shi yana ture tsohuwa da kafaɗa don ya sami kujerar kusa da taga. In an isa Madinatul Hujjaj, inda akan yi yini ko kwana ana jiran jirgi, sai ka tarar da mutum ya rungume jakarsa yana barci, Asuba ta wuce shi, Azahar ta haɗu da La'asar ba bisa niyya ba. Alhali Shari'a ba ta ƙuntata masa ba. Tafiyar ƙasaru a wurin Malikiyya buradi 4 ce, wato mil 48, kimanin kilomita 80, shi kuwa tafiyarsa ta dubban kilomita ce. Yana da damar mayar da salla mai raka'a 4 zuwa 2 da zarar ya bar gine-ginen Makka, yana kuma da sauƙin haɗa salloli biyu saboda tafiya. Wanda aka yi wa wannan rangwame, wane uzuri ya rage masa na barin salla?

ZANGO NA BIYU: GABAN SIKELI

A gaban sikelin awon kaya ake gane wanda Arfa ta shiga zuciyarsa. An ƙayyade wa kowa nauyin da zai ɗauka, an kuma ware wa kowane alhaji lita 5 na ruwan Zamzam, aka hana cusa shi a cikin jaka. Amma sai ka ga an naɗe gorunan ruwa a cikin zannuwa. Wani ya saka riga a kan riga har biyar. Wani ya tallafe jakar da gwiwa don ta yi sauƙi a kan ma'auni. Mafi muni shi ne ɗan kasuwar da zai nemi tsohon ƙauye wanda bai sayi komai ba, ya ɗora masa jaka da sunansa, tsohon bai san abin da ke ciki ba. Shin mun manta da irin narkon da Suratul Muɗaffifina ta yi wa masu ha'inci a mudu da ma'auni?

Wani zai ce, ai kilo biyu ko uku ba za su kayar da jirgi ba. Muna tunatar da shi ranar 11 ga Yuli 1991, lokacin da jirgin alhazai da ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato ya kama da wuta, ya faɗi kafin ya samu komawa filin, mutum 261 da ke cikinsa duka suka rasu. Allah ya gafarta musu. Bincike ya nuna cewa iskar wasu tayoyin jirgin ba ta cika ba, an kuma san da haka, amma aka bar shi ya tashi don gudun jinkiri. Alhazan nan ba su da laifi a cikin abin da ya same su, kuma ajali ba ya wuce lokacinsa. Sai dai darasin a bayyane yake: ƙa'idar jirgi amana ce ta rayuka, kuma abin da mutum ya raina a ƙasa shi yake zama musiba a sama. Idan muna neman ma'aikacin jirgi ya ji tsoron Allah a kan taya, to mu ma mu ji tsoronsa a kan jaka.

ZANGO NA UKU: IYAKAR JIBIYA

Mun sani cewa layin da ya raba Katsina da Maraɗi ba mu muka shata shi ba. Ingila da Faransa ne suka yanka shi a yarjejeniyoyinsu na 1904 da 1906, suka raba dangi ɗaya masu harshe ɗaya da alƙibla ɗaya. Mun kuma san wahalar da talaka yake sha duk lokacin da aka garƙame wannan ƙofa: an rufe ta a 1984, an sake rufe ta a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai a Afrilun 2022, sannan aka kuma rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. Duk wannan gaskiya ne, amma ba ya halatta ƙarya.

Abin da yake ba mu takaici shi ne yadda aka mayar da sunan Hajji mayafin fasa-ƙwauri. Za a cika mota da hajar kasuwa, a ɗora jakar alhazai biyu a sama, a zaunar da mai farar jallabiya a gaba, in an zo shinge a ce, "Baƙin Allah ne, tsarabarsu ce." In jami'i ya matsa, sai a rantse masa da Ɗakin da aka baro shekaranjiya. Rantsuwa da wanin Allah ita kanta haramun ce, balle a yi ta a kan ƙarya. In rantsuwa ba ta yi aiki ba, sai a dunƙule 'yan kuɗi a cikin fasfo, a kira shi na goro. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Amru (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓar ta. Canza mata suna zuwa goro ko dabino ba ya ɗauke la'anar.

Akwai masu kawo shubuha cewa kuɗin kwastan makasu ne wanda Shari'a ta yi tir da shi, don haka kauce masa ba laifi. Malamai sun yi magana mai tsawo a kan harajin da hukuma take ɗorawa don maslahar jama'a da wanda ake karɓa bisa zalunci, kuma a nan ba wurin warware ta ba ne. Amma babu malami ɗaya da ya ce saɓanin ya halatta rantsuwar ƙarya, ko riƙe takardar ƙasar da ba taka ba, ko jingina hajarka ga Ɗakin Allah. Haka nan rangwamen da wasu malamai suka yi ga wanda aka tsare masa haƙƙinsa, ba shi da wata mafita sai ya bayar, zunubin ya koma kan mai karɓa, wannan na wanda aka zalunta ne mai cikakkun takardu. Mai ɓoye kaya ba shi da rabo a ciki.

Jami'an da ke kan shingaye kuwa, da yawansu 'yan'uwanmu ne da muke sahu ɗaya da su ranar Juma'a. Muna yi musu nasiha: alhajin da ya sayar da gonarsa ko shanunsa ya sauke farali, bai ci bashin kowa ba. Tsare shi a rana har sai ya ba da "tsaraba" ƙwace ne. Su tuna hadisin da Muslim ya ruwaito na matafiyin nan da ya sha doguwar tafiya, ya yi buɗu-buɗu da ƙura, yana ɗaga hannu yana roƙon Allah, amma cinsa da shansa da tufarsa duk haram ne, aka nuna nisan amsa masa addu'a. Wannan hadisi ya hau kan mai karɓa, ya kuma hau kan alhajin da ya shigo da ribar ha'inci.

Sai batun tafiyar dare. Kowa ya san irin ta'asar da 'yan bindiga suka yi a yankin Jibiya a shekarun nan. Gaskiya ne Sunna ta kwaɗaitar da matafiyi ya gaggauta komawa ga iyalinsa in ya gama buƙatarsa, amma ita ce kuma ta hana wanda ya daɗe a tafiya ya faɗo wa iyalinsa da dare ba sanarwa. Wanda jirginsa ya sauka bayan Magariba, ya kwana a Katsina, ya kama hanya da hantsi. Tawakkali ba ya kore ɗaure raƙumi.

ABIN DA MUKE KIRA GARE SHI

Na farko, kwamitocin bita su ware darasi guda cikakke a kan komowa: ɗawafin bankwana, ƙasaru da jam'i, hukuncin awo, da hukuncin rashawa. Na biyu, 'yan agajinmu da ke hidima a sansanin alhazai ranar tafiya, su kasance a wurin ranar dawowa, su raka tsofaffi da mata har su wuce shingaye, domin mai cin zali yana jin nauyin idon shaida. Na uku, rassanmu na Jibiya da 'yan'uwanmu Ahlus Sunna na Maraɗi su riƙa sanar da juna lokacin saukar jirage, a tanadi masauki ga wanda dare ya yi wa. Na huɗu, a bar tarbar alhaji da kiɗa da maroƙa da shafar hannunsa don neman tabarruki. Abin da ya tabbata daga Manzon Allah (SAW), kamar yadda Ka'abu ɗan Malik (RA) ya ba da labari, shi ne in ya dawo daga tafiya yakan fara da masallaci ya yi raka'a 2.

An yi wa mai Hajjin da ya kauce wa batsa da fasiƙanci albishir cewa zai komo kamar ranar da mahaifiyarsa ta haife shi. Albishir ɗin a kan komowa yake, don haka kowa ya duba da me ya komo. Haƙorin Makka da laƙabin Alhaji ba su ne shaidar karɓuwa ba. Shaidar ita ce mutanen garinku su ga mudunka ya cika, bakinka ya bar rantsuwa, sahun Asuba ya san fuskarka.

Allah ya karɓi ibadar alhazanmu, ya dawo da su gida lafiya, ya zaunar da ƙasashenmu biyu cikin aminci, ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon bin ta.