Dogon Turanci Ba Shi Ne Ilimi Ba

Akwai wata ɗabi'a da ta yi kaka-gida a azuzuwanmu, wadda ya wajaba mu malamai mu yi mata taron dangi. Ita ce jera wa ɗalibai kalmomi huɗu a kan allo, live, dwell, reside da inhabit, a ce duk ma'anarsu zama a wuri, a umarce su da haddacewa. Daga nan sai yaro ya zaɓi wadda ta fi cika baki ya jefa cikin wasiƙarsa ga aboki, yana zaton ya burge mai duba takarda.

Dwell tsohuwar kalma ce. A tsohon Ingilishi tana nufin ɓatar da mutum ko jinkirta shi, daga baya ta koma daɗewa a wuri, sannan zama. Ta yawaita a fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki James ta 1611, yau kuwa a waƙa da adabi aka fi cin karo da ita. Idan aka tambayi Bature gidansa, I live zai ce, ba I dwell ba. Inda kalmar take da sauran rai a bakin jama'a shi ne dwell on, wato nanata abu a zuci ko a magana. Reside ta takardun ofis da kotu ce. Inhabit kuwa an fi yi wa al'umma ko dabbobi ita, kuma ba a bin ta da in.

Mu da muka gaji harshe mai bambanta sauka da tarewa da ya da zango, bai kamata wannan ya shige mana duhu ba. Wa zai ce amarya ta ya da zango a ɗakin mijinta?

Wasu cikinmu za su ce ai WAEC da NECO suna tambayar kalma mafi kusa a ma'ana. Gaskiya ne, amma kusa ba ɗaya ba ce, kuma jarrabawar nan ita ce ke sa ɗalibi rubuta insha'i da wasiƙa, inda kalmar da aka aje ba a muhallinta ba take cin makinsa. Asarar ta 'ya'yanmu ce, da iyayen da suka matse bakin aljihu suka biya kuɗin rajista.

Don haka muna kira ga 'yan wannan reshe: kada kalma ta hau allo sai da jimlarta, da bayanin wanda ake faɗa wa ita, da inda ake faɗarta.