Su Simpson sun ɗore, kwaɗinmu fa?



Da maraice mukan ga yara sun yi dandazo kan waya guda, suna kallon fim ɗin zane cikin Faransanci, har da Les Simpson. Ko mun san yadda abin ya faro? A 1987 Matt Groening na Amurka ya zana iyalin nan cikin gaggawa, ya laƙa masu sunayen gidansu: Homer ubansa, Marge uwarsa, Lisa da Maggie ƙannensa. Ƴan gajeru ne da ake sakawa cikin shirin Tracey Ullman, zanen ma duk a karkace. Tashar Fox ta yi haƙuri da su har ran 17 ga Disamba 1989 sunka samu nasu shiri na rabin awa. Yau shekara talatin da ɗoriya ba su tsaya ba.

Mu fa mun riga su. Tun 1966 Moustapha Alassane, ɗan Nijar, ya yi Bon voyage Sim, labarin shugaban kwaɗi da ya tafi ziyara ƙasar waje. Ya rasu a 2015, yaranmu ko sunansa ba su sani ba.

Wanga abu shi ke damunmu. Muna da Gizo da Ƙoƙi, muna da barkwancin manoma a lambunan Jiratawa. Labari bai yi mamu kaɗan ba, haƙurin rainon abu ne munka rasa. Yaron da ke zane bayan littafinsa a lakwal, mu bar korarsa da bulala. Mu saya mashi takarda, gidajen rediyo su ara mashi muryoyi, Télé Sahel ta ba shi ko minti biyu ne, cikin Hausa. Su Simpson ma da hakan sunka fara.