Wasanni uku cikin shekara guda da kwana guda

Duk shekara, da an rufe lakwal an shiga babban hutu, sai filayen ƙwallo na karkara su farfaɗo. Daga Tasawa har Mayahi, daga Bawdeta har ƙauyukan da ke kewaye da ita, ba a rasa wani alhaji ɗan kasuwa, ko wani ma'aikaci ɗan gari da ke aiki a Yamai, da zai sa kofi. Ɗaliban da suka dawo gida su haɗa ƙungiya, a yi ta gwabzawa har gero ya nuna. Ran ƙarshe a yi kiɗa, a miƙa kofi da riguna, kowa ya kama gabansa. In an koma aji a watan Oktoba sai zancen ya bi ruwa, don ba wanda ya rubuta sunan wanda ya ci, balle na wanda aka kayar.

Wannan al'ada ta attajiri ya shirya wasa don ɗalibai su kara, gari ya cika, ba a nan kaɗai take ba. A Amurka ta fi shekara 120, kuma su can komai ƙanƙantar wasa sai sun rubuta shi. Shi ya sa har yau ake iya bin sawun wata ƴar makaranta mai suna Centre, a garin Danville na jahar Kentaki, wadda ta taɓa shan gaban manyan jami'o'in ƙasar, daga baya ta koma inda ta fito.

Da farko ya kamata mai karatu ya san cewa ƙwallon da ake zance ba irin tamolar da aka sani a nan ba ce. Ƙwallon Amurka mai siffar ƙwai ne, da hannu ake ɗaukarsa ana gudu, mutum 11 a kowane ɓangare, ana ture juna ana kayarwa kamar a fagen kokowa. Wanda ya ratsa da shi har bayan layin ƙarshe na abokan karawa ya ci maki 6. A makarantu wasan ya girma, ana fara shi a Satumba a gama wajen ƙarshen Nuwamba. Daga nan sai sanyi ya rufe arewacin ƙasar, su kuwa ƴan kasuwar garuruwan kudu da na yamma, inda rana ba ta ɓuya, sai su gayyato ƙungiyoyi biyu da suka yi fice su kara lokacin hutun ƙarshen shekara, masaukai da gidajen abinci su cika da baƙi. Na farkon irinsa an yi shi a Pasadena ta jahar Kalifoniya ran 1 ga Janairu 1902, inda Michigan ta lallasa Stanford da ci 49 da babu. Kashin ya yi muni har masu shirin suka jingine abin, ba su sake ba sai 1916. Filin da aka gina masa daga baya yana da siffar akushi, aka sa masa suna Rose Bowl, to daga nan duk wasannin ƙarshen kaka suka ɗauki sunan akushi a bakin Amurkawa.

Ita Centre an kafa ta a 1819. A zamanin da ake magana ɗalibanta ba su kai 300 ba, ke nan akwai kwalejojin ƙasar nan da yawa da suka fi ta cika. Asalin ƙarfinta mutum guda ne, Robert Myers, tsohon ɗalibinta da ya je koyarwa a wata sakandare ta garin Fort Worth a jahar Teksas. A can ya horar da wasu samari, ya yi ta kwaɗaita musu makarantarsa ta dā, har ya kwaso su zuwa Kentaki. Biyu daga cikinsu, Bo McMillin da Red Weaver, karatunsu bai kai na shiga kwaleji ba, sai da suka ƙara shekara guda a sakandaren garin Somerset, inda suka haɗu da wani ƙato mai suna Red Roberts, shi ma ya bi su. A 1917 aka damƙa ƙungiyar a hannun Charley Moran, wanda ya taɓa horar da ƙungiyar kwalejin noma ta Teksas, wato Texas A&M, daga 1909 zuwa 1914. A riƙe wannan suna, za a sake jin sa. Da yake yaran sukan durƙusa su yi addu'a kafin su shiga fili, sai aka laƙaba musu “kanal-kanal masu addu'a”.

A 1919 suka yi wasa 9 suka cinye duka. Wannan ya sa jami'ar Harvard, uwar makarantun Amurka, ta yarda ta karɓe su a gidanta a 1920. Aka tafi hutun rabin lokaci 14 da 14, amma daga baya ƙarfi ya nuna, Harvard ta ci 31 da 14. Kyaftin ɗin Harvard ya miƙa wa McMillin ƙwallon wasan don girmamawa, shi kuwa ya ƙi karɓa, ya ce baɗi zai dawo ya ɗauke shi da guminsa.

Wasan ƙarshen kaka na farko ya zo ran 1 ga Janairu 1921, kuma a Fort Worth aka yi shi. Ba sai an yi dogon tunani ba kafin a gane dalilin gayyatar: taurarin Centre ƴan garin ne, iyayensu da abokansu na nan, tikiti ba zai yi kwantai ba. Aka haɗa su da jami'ar TCU ta garin, wadda ba a ci ta ko sau ɗaya ba a kakar 1920. Ƴan gida da suka dawo a matsayin baƙi ba su yi kara ba, suka zuba mata 63 da 7. Daga wannan karo ba a sake shirya gasar ta Fort Worth ba.

Sai babbar rana, 29 ga Oktoba 1921, gaban mutum fiye da 40,000 a filin Harvard da ke Boston. Rabin farko ya wuce ba wanda ya ci. Ana dawowa, McMillin ya karɓi ƙwallo, Roberts na share masa hanya, ya yi dama ya karkato hagu, ya zura gudun kusan mita 30 har bayan layi. Maki 6 ke nan, kuma daga su ba a ƙara ba har aka tashi. Ɗan hakin da aka raina ya tsone ido. A Danville ɗalibai suka ɗauki fenti suka bi gari suna rubuta C6H0, wato Centre 6, Harvard babu, kamar wani lissafin ilimin sinadarai, a bango, a kan hanya, har a jikin shanu. A 1950 kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya zaɓi wannan wasa a matsayin ba-zata mafi girma a fagen wasanni cikin rabin farko na ƙarni na 20.

To, a nan ne labarin ya ɗauki wata hanya, kuma nan ne ya kamata ƴan kasuwa da shugabannin makarantu su buɗe kunne. Duk wanda ya kayar da Harvard ya zama haja. Kowane gari mai fili da ƙofar karɓar kuɗi yana son ganin yaran da ido, makarantar da ba ta da wata dukiya kuwa da wuya ta ce a'a. Centre ta amsa gayyata biyu cikin mako guda, a wurare biyu masu nisan gaske. Aka zuba samari cikin jirgin ƙasa, tafiyar da ta zarce kilomita 3,000, zuwa San Diyego a bakin tekun Pasifik. Ran 26 ga Disamba 1921, ana tsuga ruwan sama, fili ya zama taɓo, suka casa jami'ar Arizona 38 da babu. Wasansu na 10 ke nan a kakar ba tare da faɗuwa ba, kuma a cikin goman nan maki 6 kacal aka iya ci a kansu.

Ba su huta ba suka sake hawa jirgi zuwa Dalas ta Teksas, tafiyar da ta fi nisan Yamai zuwa Diffa nesa ba kusa ba. Dalas maƙwabciyar Fort Worth ce, saboda haka liyafa ta yi yawa, kuma a cikin wannan zuwa ne aka ɗaura wa McMillin aure. Ran 2 ga Janairu 1922 suka shiga fili a gasar da aka kira Dixie Classic, abokiyar karawarsu kuwa ita ce Texas A&M, tsohuwar ƙungiyar Moran, wadda a lokacin Dana Bible ke horar da ita. Kusan kowa ya ɗauka an gama magana tun kafin a fara.

Wasan ya yi zafi ƙwarai. Ƴan wasan A&M suka yi ta jin rauni ɗaya bayan ɗaya har benci ya kusa zama wayam. Bible ya tuna da wani ɗalibi, E. King Gill, wanda ya bar ƙungiyar ya koma ƙwallon kwando, yana zaune sama wajen ƴan jarida. Ya aika aka kira shi. Gill ya sauko, ya shiga ƙarƙashin dakalin ƴan kallo ya sa kayan wani da aka fitar da rauni, ya tsaya a bakin fili yana jiran a ce ya shiga. Har aka tashi ba a buƙace shi ba. A&M ta ci 22 da 14.

Masu ba da labarin sukan ɗora laifin a kan biki, amma biki uzuri ne mai sauƙi. Ƙungiyar da ƙarfinta ya rataya a kan mutum huɗu ko biyar, aka yi mata wasa biyu cikin kwana bakwai da dubban kilomita a tsakani, ko ba amarya sai jiki ya gaya mata. Waɗanda suka amsa gayyatar sun fi ango cancantar tambaya.

Daga 1 ga Janairu 1921 zuwa 2 ga Janairu 1922, shekara guda da kwana guda, wasanni uku, nasara biyu, kashi ɗaya. Iyakar tarihin Centre a manyan wasannin ƙarshen kaka ke nan. McMillin ya bar makarantar bayan wannan kaka, Harvard ta rama a 1922 da ci 24 da 10, Moran ya tafi bayan kakar 1923. Myers ya karɓi ragowar yaran, a 1924 suka yi yunƙurin ƙarshe, suka doke Alabama 17 da babu, suka doke Jojiya. Bayan nan wuta ta mutu.

Abin da ya kashe ta kuɗi ne. A shekarun 1920 manyan jami'o'i suka shiga gina filaye masu ɗaukar dubun dubatar mutane, suna farautar samari masu ƙarfi da alkawarin karatu kyauta, da aikin da ba a yi amma ana biya. Rahoton da gidauniyar Carnegie ta fitar a 1929 ya nuna mafi yawan makarantun da aka bincika suna tallafa wa ƴan wasa ta wannan hanya ko waccan. Dabarar Myers, ta malami ya jawo ɗalibansa da baki da zumunci, ba ta da wurin zama a irin wannan kasuwa. Wata ƙaramar makarantar, Sewanee ta jahar Tenesi, ta ce ita sai ta zauna cikin manya, ta shiga babbar ƙungiyar jami'o'in kudu maso gabas da aka kafa a ƙarshen 1932. Ta yi wasa 37 a cikinta, aka cinye ta 37, ta fice a 1940.

Mai bin ƙwallon Nijar ba zai ji wannan a matsayin baƙon labari ba. Jangorzo ta Maraɗi ta ɗauki kambun ƙasa a 1983, Espoir ta Damagaram ta biyo baya a 1984. Daga nan fiye da shekara 30 suka shuɗe kambun bai sake fita daga Yamai ba, inda ƙungiyoyin soja, ƴan sanda, duwan da manyan kamfanonin gwamnati ke da albashin da za su riƙe ɗan wasa da shi. Gari na iya tara gwanaye a shekara guda, riƙe su ne ke son aljihu.

Centre dai ta zaɓi ta zauna makaranta. Dama tun kafin ƙwallo tana da abin tinƙaho: mataimakan shugaban ƙasar Amurka biyu, John Breckinridge da Adlai Stevenson na farko, sun yi karatu a cikinta, haka ma Fred Vinson, wanda ya zama babban alƙalin kotun ƙoli a 1946. A 1955 ta sake yin kakar da ba a ci ta ba, wasa 8 nasara 8, amma ba ta je wani wasan ƙarshen kaka ba. Da aka raba makarantun ƙasar rukuni uku a 1973, ta samu kanta a rukuni na uku, inda doka ta hana a ba ɗalibi tallafin karatu saboda wasa. A harabarta aka yi muhawarar ƴan takarar mataimakin shugaban ƙasa a 2000 da 2012. Sai a 2011, shekara 89 bayan Dalas, ta shiga gasar ƙarshen kaka ta rukuninta: ta ci wasan farko, aka fitar da ita a na biyu.

Ita kuwa A&M, daga wancan wasa na Dalas ta gina al'ada. Ɗalibanta a tsaye suke kallon wasa tun daga farko har ƙarshe, don tunawa da Gill, suna kiran kansu mutum na 12, filinta kuma ya kai ga ɗaukar fiye da mutum 100,000. A Danville, ɗaya daga cikin rubuce-rubucen C6H0 ya tsira a jikin bangon wani tsohon gini na makarantar.