Rawani Ba Ya Mai da Bature Balarabe

Wasu masu tsara wasan kwaikwayon kan tebur suna da'awar cewa dokokin wasa ƙwarya ce kawai, kowace irin fura aka dama a ciki daidai ne. Wannan magana ba ta da tushe.

Mu ɗauki Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. 'Yan wasa kan kewaye tebur, kowa ya ari bakin jarumi guda, jagora yana warware labari, ƙwayar ƙuri'a mai fuska ashirin tana yanke hukunci. A dokokinsa na asali, jarumi yana ƙara daraja ne da yawan zinaren da ya kwaso da dodannin da ya kashe. To, a kai wannan ma'auni duniyar Dare Dubu da Ɗaya mana! Shaharzad, wadda ta kuɓutar da ranta da zaƙin baki, maki nawa za ta ci? Ko ɗaya.

Kamfanin TSR ya hango wannan giɓi. Da ya fitar da Al-Qadim a 1992, sai ya ƙara dokokin matsayin mutum cikin jama'a, da ƙaddara, da kambun baka. Duk da haka takobi ya ci gaba da rinjaye, domin ginshiƙin bai motsa ba.

Saboda haka, mai son sauya wa wasa muhalli ya fara da tambayar abin da mutanen wurin suke yaba wa mutum a kai, ya ɗora makinsa bisa wannan. In ya tsaya ga sauya sunaye da tufafi, ya naɗa wa baƙo rawani ne kurum.