"Ba yanka, ba ɗinki": ƙaryar da ta kusa kashe mana yarinya

1/ Jama'ar cikin gari, duk mai yaron da aka ce yana da huji a zuciya ya karanta zaren nan. Dillalan kai marasa lafiya waje suna sayar mana da rabin gaskiya, na gaji da shiru.

2/ 'Yar yayata shekararta 6. An haɗa mata kuɗi a masallacin unguwarmu, yayata ta sayar da sarƙarta. Dillali ya ce: "Hajiya, ba yanka, ba ɗinki, kwana goma kun dawo daga Indiya." Haka kuwa aka yi, muka yi ta murna.

3/ Aikin kansa ba yaudara ba ne. Ana zura siririn bututu ta jijiyar cinya har zuciya, a buɗe wani ɗan marfi mai kamar lema biyu ya toshe hujin. Tun shekarun 1970 aka fara shi a Amurka, kuma yawancin yara suna warkewa sumul.

4/ Abin da dillali bai faɗa ba: marfin na iya subucewa ya bi jini, galibi a kwanan farko. Wani lokaci a zaƙulo shi da bututu, in ya ƙi sai an buɗe ƙirji. Yana kuma iya goge bangon zuciya har ya huda, ko bayan watanni.

5/ Na biyun ne ya same mu. Wata 4 da dawowa ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida. Jini ya taru a jakar da ke lulluɓe da zuciya yana matse ta. Likita ya zuƙe da allura, ya ce mu nemi masu tiyatar zuciya maza. Wayar dillali a kashe.

6/ Da kyar aka samu inda aka cire marfin aka ɗinke wajen. Ta rayu, alhamdu lillahi. Gonar babanta ce ta tafi.

7/ Na san za a ce ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara. Amma ɓoye wa uwa haɗarin aiki don kar kamasho ya kuɓuce, wannan ha'inci ne, kar a laɓe da addini.

8/ Kafin ku biya ko sisi ku tambaya:
In marfin ya zame, akwai likitan tiyata da injin riƙe aikin zuciya da huhu a asibitin?
Wa zai riƙa yi mana hoton zuciya in mun dawo Kano?
Ina rahoton aikin da sunan marfin da girmansa?

9/ Masu mulki kuma: Inugu ta yi tiyatar buɗe zuciya tun 1974. Sama da shekara 50 ke nan. Me zai sa uwa daga Yakasai ko Mandawari ta riƙa neman biza yarinya na numfashi sama-sama? A horar da cikakkiyar tawaga, a biya su su zauna a nan dindindin.

10/ Don Allah ku tura wa iyaye mata a gidajenku, su dillalan suka fi samu.