Kason Naƙasassu Da 'Ya'yanmu Na Zangon Kumasi

A shekarar 2006 ne Ghana ta kafa dokar naƙasassu mai lamba 715, kuma cikin kuɗin da gwamnati ke raba wa gundumomi akwai kason da aka keɓe musu, wanda ya soma da kashi 2 cikin 100 kafin daga baya a ƙara. To amma nawa ne ke isa ga yaranmu masu galahanga ko jinkirin fahimta?

Makafi da kurame da guragu suna da ƙungiyoyin da ke yi musu magana wurin rabo. Yaron da bai iya magana ba kuwa, sau da yawa mukan ɓoye shi a ɗaki, mu ce aikin aljanu ne. Wanda ba a rubuta sunansa ba, ba ya cikin lissafi.

A fara kai yaro asibiti, kamar Komfo Anokye, likita ya rubuta abin da ya gano. Sai a kai wannan takarda tare da wasiƙar neman tallafi ofishin jin daɗin jama'a na gundumar da ake zaune. Mutanen Aboabo da Asawasi nasu yana Asokore Mampong, inda makarantar Garden City ta irin waɗannan yara take.

Mu fatake muna kwana Paga, mu tashi Aflao, takarda kuwa tana son mai bibiya. Kafin mu ɗaura kaya, mu wakilta wani a gida. Limamai da sarakunan Zango su ma su faɗa a fili cewa rubuta sunan yaro ba tonon asiri ba ne.