Rigar Aro da Sojan Haya: Yadda Ake Kashe Ƙwallon Kwando Tun Ranar Suna

A shekarar 2016 ƙungiyar ƙwallon kwando ta Kano Pillars ta je Alƙahira ta zo ta uku a gasar zakarun kulob-kulob na Afirka. Da yawa daga masu cika filin wasa na Sani Abacha don kallon ƙwallon ƙafa ba su san da wannan ba, kuma ba laifinsu ba ne. A 2017 hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa ta dare gida biyu: aka zaɓi Tijjani Umar a Kano, washegari aka zaɓi Musa Kida a Abuja. Gasar cikin gida ta shiga halin yau-akwai-gobe-babu. A 2022 gwamnatin tarayya ta janye Najeriya daga wasannin duniya, kafin ta sauya shawara ƙungiyar mata ta D'Tigress ta riga ta rasa gurbinta na gasar cin kofin duniya, aka ba Mali. Lokacin da gasar BAL ta fara a Kigali a 2021, Rivers Hoopers ta Fatakwal ce ta wakilci ƙasar. Kano ta koma 'yar kallo.

A irin wannan kufai ne ake jin masu hali da masu muƙami suna maganar kafa sababbin ƙungiyoyi, kuma kusan kullum da abu biyu suke farawa: sunan da za a buga a riga, da ɗan wasan da za a ɗauko daga waje. Duka biyun suna yin su a karkace.

A fara da sunan. Gombe Bulls, Kwara Falcons, Bauchi Nets, Plateau Peaks: duk an ɗinka su a kan ma'aunin Amurka, gari sannan dabba ko wani abu da Turanci. Abin dariyar shi ne waɗanda ake kwaikwayo ɗin ma sunayensu cike suke da tuntuɓe. Lakers sun samo suna daga tafkunan jihar Minnesota, suka kwashe shi zuwa Los Angeles a 1960, inda ba tafki ake tinƙaho da shi ba. Jazz sunan kiɗan New Orleans ne, amma tun 1979 a Utah ƙungiyar take. Toronto kuwa ta zaɓi Raptors a 1994 a lokacin da wani fim na dabbobin zamanin da yake tashe. Su dai suna da kuɗin tallar da zai mayar da kowace kalma alama. Ƙungiyar da za ta tashi a gabashin Kano ba ta da wannan. Jarinta kaɗai shi ne mutanen wurin su ji cewa tasu ce.

Za a ce ai Pillars ma Turanci ne, kuma ya karɓu. Gaskiya ne, amma a saurari abin da ke fitowa daga bakin 'yan kallo: "Sai masu gida!" Wannan shi ne sunan yankan da jama'a suka raɗa da kansu, na Turancin ya tsaya a takarda da allon sakamako. Wanda ya fi muni shi ne sunan mutum. Ƙungiyar da aka laƙaba wa sunan ɗan siyasa ta raba magoya bayanta biyu tun kafin a jefa ƙwallon farko, kuma ranar da kujera ta kuɓuce, albashi ya bi ta. Mutanen Gaya da Ajingi ba sa bukatar a yi musu bayanin yadda abin da gwamnati ta kafa yake tafiya da ita: an ƙirƙiri masarautar Gaya a 2019, aka rushe ta a 2024, aka sake kafa ta a daraja ta biyu cikin shekarar.

Alhali ƙasar Gaya ba ta rasa abin suna ba. Tarihin baka ya ce maƙeri ne mai suna Kano ya taso daga Gaya neman tama ya zauna a gindin Dala, kuma zuriyar nan ce ake kira Abagayawa. Ƙungiyar da aka kira Maƙeran Gaya tana ɗauke da labarin da tsoho a Gafasa zai iya ba jikansa, mai kiɗa ya samu abin yi wa kirari, kuma babu zaɓen da zai goge shi.

Batun 'yan wasa ya fi ciwo, domin nan kuɗin yake tafiya. A 2021 ƙungiyar Patriots ta Ruwanda ta ɗauki mawaƙin Amurka J. Cole, ya buga wasa 3, ya ci maki 5, ya koma gida. An samu hotuna da labarai, amma mintunan da ya buga wani matashi ne aka hana. Wannan shi ne matuƙar tunanin sojan haya, kuma ƙaramarsa ce ake yi a Najeriya: da yake gasar kan taƙaita zuwa 'yan makonni a gari guda, sai a tattaro 'yan wasa ana gobe tafiya, a yi alkawari da baki, a watse bayan wasan ƙarshe. Wanda ya karye a gwiwa, shi da iyayensa.

Ba a ce kada a ɗauko baƙo ba. Rivers Hoopers ta zo ta uku a BAL a 2024 da taimakon 'yan wasan da ta ɗauko daga waje. Sai dai ita BAL ɗin ta ƙayyade adadin baƙin da ƙungiya za ta iya sakawa, mafi yawan 'yan wasa dole su zama 'yan ƙasa. Wato baƙo gishiri ne, ana zuba shi a miyar da ta riga ta dahu. Wanda ba shi da yara goma da suka shekara uku suna atisaye tare, ya ɗauko baƙi huɗu, ya sayi baƙin ne kawai.

Zariya ta nuna ɗaya hanyar tun da daɗewa. Kocin nan Ba'amurke Oliver Johnson ya shafe shekaru yana horar da yara a can, kuma cikin waɗanda suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda ya shugabanci Raptors har ta ci kofin NBA a 2019. Ba sayen kowa aka yi ba. Fili ne, da koci, da haƙuri.

Filin ƙwallon kwando mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi, kwandon yana rataye a mita 3.05 daga ƙasa. Mutum biyar ke bugawa a kowane ɓangare. Harabar kowace sakandare a Ajingi za ta ɗauke shi, kuma siminti da ƙarfe biyu ba su kai kuɗin jirgi da otal na baƙo ɗaya ba. Duk attajirin da ya zo da maganar sabuwar ƙungiya, kafin a tafa masa a nemi ya nuna kwantiragin shekara guda a rubuce, mai ɗauke da albashin wata-wata, da wanda zai biya asibiti idan yaro ya ji rauni, da sharaɗin cewa ba za a cire shi daga makaranta ba.